Ɗauki Matashinka, An Zo

Nafisa, ke kika tono wannan magana, don haka ke za ki fara karanta ta, sannan ki miƙa wa ƙanenki Karim. Ran da kika kira ni gaisuwar salla, bayan kin gama yi mini tsiyar cewa na tsufa har muryata tana rawa, sai kika tambaye ni abin da ya sa kuka daina zuwa Lyon hutu. Na ce miki hanya ce ta yi nisa. Kika yi dariya, kika ce ai Paris da Lyon ba su matsa daga inda suke ba tun kuna yara. Kin yi gaskiya, amaryata, kuma yanzu kin girmi a ruɗe ki da alewa. Na san Hausarku ta fi ƙarfi wajen cin tuwo, amma da ita zan rubuta, ku yi ta fama. Faransanci aiki kawai na yi da shi, ban taɓa yin kuka da shi ba.

Kun taso kun san ni a matsayin Kaka Isuhu, ɗan'uwan kakanku Haruna. To, ba mu haɗa jini ba. Ni ɗan Damagaram ne, shi mutumin Maraɗi, kuma a nan Vénissieux, gefen Lyon, muka fara ganin juna, yana tuƙa bas, ni ina dakon kaya a wani babban sito. A lokacin aurensa da kakarku ya daɗe da mutuwa can gida, ba tare da faɗa ba, mahaifiyarku Ramatu tana ƙarama a hannunta. Muka kama gida tare a benayen unguwar Minguettes kamar yadda 'yan ci-rani suke yi, muka zauna sama da shekara talatin. Abin da ke tsakaninmu shi ne abin da ke tsakanin miji da mata waɗanda suka yi dace. Na so shi, ya so ni. Sunayen da Hausa ta tanadar wa irinmu duk na zagi ne, ba zan ɗora ko ɗaya a kan kakanku ba. Mun yi sallarmu, mun yi azuminmu, sauran kuma tsakaninmu ne da Wanda ya halicce mu, ba wannan na zauna yi muku bayani ba.

Kun tuna ƙaramin ɗakin nan na kusa da ƙofa, wanda kuke cewa ɗakin Kaka Isuhu? Kayana na ciki, da dardumata, da hoton mahaifiyata, gadon kullum a gyare. Abu ɗaya ne ba ya kwana a ciki, shi ne matashin kaina, domin ni ma ba a nan nake kwana ba. Muna da wata ƙa'ida wadda Haruna ya kafa tun shekarar farko. Da zarar an danna ƙararrawa, kafin ya buɗe ƙofa, sai in shiga babban ɗaki in ɗauko matashina in jefa shi kan ƙaramin gado. Ko mai kawo wasiƙa ne, ko abokanmu na shan shayi ranar Juma'a, ko Ramatu lokacin da ta zo karatu nan Lyon tana zuwa mana ƙarshen mako, haka muke yi. Haruna mutum ne mai tsoro a wannan fanni kaɗai, a sauran abubuwa kuwa zaki ne, na ga ya sauke ƙattin mashaya daga bas shi kaɗai. Idan ƙararrawa ta yi ƙara sai ya rage murya ya ce:

"Isuhu, maza, an taho. Ɗauki matashinka."

Idan kuma Bature ne a ƙofa, maƙwabci ko mai gyaran ruwa, ya ga ni ya yi tambaya, Haruna yana da amsa guda wadda ba ta sauyawa:

"C'est mon cousin, il est de passage."

Wato ɗan'uwana ne, wucewa yake yi. Na sha yi masa tsiya ina cewa, Bamaraɗe, ban taɓa ganin baƙon da ya shekara talatin yana wucewa bai wuce ba. Sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ƙasar nan ta buɗe wa irinmu hanyar zuwa ma'aikatar gari a shaida zamansu a hukumance, na yi masa maganar sau ɗaya. Ya ce abin da aka rubuta ba ya gogewa, wata rana Ramatu za ta gani. A ranar ce ya sa na rantse masa cewa ko bayan ransa 'yarsa ba za ta ji daga bakina ba. Na rantse ba tare da wani dogon tunani ba, don a lokacin lafiyarmu lau, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shekarar da nake so ku sani ita ce ta uku bayan ya yi ritaya. Abin ya fara da ƙanana. Na tarar da butar shayi cikin firij. Ya yi sallar la'asar, ya shafa, ya tashi ya sake kabbara ta. Wata rana ya fita sayen burodi, sai ga wani yaron unguwa ya riƙo hannunsa, ya ce ya same shi a tashar taram, jirgin cikin gari, yana tambayar hanyar gida, a kan titin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙi. Abokan shayinmu suka ce gigin tsufa ne, a yi ta addu'a. Likita ya kira ciwon da sunansa na Turawa, ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Daga nan Faransancinsa ya fara zubewa. Mutumin da yake gyara mini kuskure a gaban jama'a don neman magana ya koma ba ya iya cewa a ba shi ruwa sai da Hausar Maraɗi. Ni nake masa wanka, ni nake aske masa gemu, ni nake dama masa kunun gero, don shi kaɗai yake karɓa da safe. Bai taɓa manta ni ba a wannan lokacin. Idan na shiga kicin na daɗe, sai in ji yana kira, Isuhu, ina ka shiga?

Ciwon ya kwashe sunayen tituna, ya kwashe watanni, ya kwashe surorin da ya haddace tun yana yaro, amma bai taɓa ƙa'idar matashi ba. Sai ma ta ƙara ƙarfi. Likita ya sa wata malamar jinya ta riƙa zuwa gida tana duba shi. Tana danna ƙararrawa sai Haruna ya zabura, ya shiga ɗaki da kansa ya ɗauko matashin ya tura mini a ƙirji. Matar ta shigo ta tambaye shi wane ne ni. Duk Faransancin duniya ya bar shi, sai jimlar nan guda, kuma ya faɗe ta tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta dube ni, ni kuma rantsuwa ta ɗaure mini baki, na gyaɗa kai. Ba laifinta ba ne. Abin da ta ji shi ta kai gaba, cewa ga tsoho mai ciwon mantuwa, ba kowa tare da shi sai wani baƙo da zai tafi gobe ko jibi. Aka nemi 'yarsa a Paris.

Ramatu ta zo da mijinta, babanku. Ta yi kuka da ta ga yadda mahaifinta ya rame. Ta samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ku, a bayan garin Paris. Ranar tafiya ta durƙusa a gabana, da ladabin nan nata, ta ce:

"Baba Isuhu, wallahi ka yi zumunci, ko ɗan'uwa na ciki ɗaya sai haka. Allah ya saka maka. Yanzu kai ma ka huta, nauyin namu ne."

Na ce amin. Me zan ce? Godiyar nan ta fi mari zafi. Na riƙe musu jakarsa har mota, na rufe masa ƙofa, shi kuwa yana ta kallona ta gilashi, bai yi magana ba saboda akwai mutane. Na hau bene na shiga gida. Ba ƙarar rediyonsa, ba tarinsa, ba mai cewa shayina ya yi ruwa. Na wuni zaune a kan kujerarsa ban kunna ko fitila ba. Ban taɓa sanin kaɗaici yana da nauyi a kafaɗa ba sai ranar.

Na fara shiga jirgin ƙasa ina zuwa Paris duk mako. Gidan mai tsabta ne, ma'aikatan ba su da mugunta, amma ni ba kowa ba ne a wurinsu. Ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi, ban ji ba sai da na zo na ga ɗinki. Na tambayi wane magani suke ba shi, aka ce wannan sai iyali. Ya ƙi abincinsu, ya ƙi yarda kowa ya tuɓe shi don wanka, har ya kai wa wani ma'aikaci duka. Idan na zo sai ya kama hannuna ya lafa, ya sha kunun da na zo da shi a fulas. To amma su can suna da tarbiyya, ba mai shiga ɗakin tsoho sai ya ƙwanƙwasa. Kuma a yini sukan shiga ba adadi, mai magani, mai shara, mai kawo abinci. Duk ƙwanƙwasawa sai Haruna ya firgita, ya fizgi matashin gadonsa ya tura mini, yana cewa maza, maza, an taho. Idan na tsaya sai ya fashe da kuka, idan na fita sai ya yi ta kirana. Su abin da suka gani shi ne, duk ranar da cousin ɗin nan ya zo, tsoho ba ya samun natsuwa. Shugabar wurin ta yi magana da Ramatu, Ramatu ta kira ni.

"Baba Isuhu, écoute, kada ka ji haushi. Sun ce zuwanka yana tada mashi hankali. Ka ɗan dakata da zuwa tukuna, in ya samu sauƙi ni da kaina zan kira ka."

Na san ba sauƙin da zai samu. Na san kuma idan na daina zuwa zai daina ci, don ba hannun da yake karɓa sai nawa. Ga rantsuwa a gabana, ga ransa a bayana. Na yi kwanaki ina juya abin, ina magana da kujerarsa kamar mahaukaci. Na ce masa, Haruna, kai ka ɗaure ni, kuma ka tafi da mabuɗin inda ba zan iya tambayarka ba. A ƙarshe na ga cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gara ya rayu yana ci daga hannun wanda ya karya masa alkawari, da ya mutu da yunwa alkawarinsa na nan daram.

Na ce wa Ramatu ta same ni a lambun gidan tsofaffin da hantsi. Muka zauna a kan benci, sanyi na ratsa ƙashi. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata abin da na gaya muku a sama, na gaya mata labarin matashi da ƙararrawa, na ce ba ni nake tada masa hankali ba, ƙofa ce. Ta saurara har na gama. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Duk ƙarshen makon da nake zuwa Lyon?"

"Duka."

"Shi ya ce ka gaya mini?"

"Shi ya sa na rantse ba zan gaya miki ba."

Ta tashi ta yi tafiya har bakin shinge ta dawo. Idonta ya yi ja, amma ba hawaye.

"Na ji, Malam Isuhu. Zan gaya masu su bar ka ka shiga duk lokacin da kake so, don shi. Amma kada ka sake yi mini maganar nan, jamais, har abada."

Tun tana budurwa take ce mini Baba. A kan bencin nan na zama Malam. Ba ta yi mini rashin kunya ba, kuma ta cika abin da ta ce, ina so ku riƙe wannan game da mahaifiyarku. Ta gaya wa babanku, don ba ta ɓoye masa komai, shi kuma ya ce ba za ku ƙara taka gidana ba. Ban san ta inda maganar ta iso Vénissieux ba, amma ta iso. Abokan shayin Juma'a suka daina hawowa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage ni. A masallaci dai sai in ga sahu ya ɗan buɗe a gefena, gaisuwar da take kai mu bakin titi ta koma lafiya lau a taƙaice. Alhaji guda, mutumin Chadi, ya ci gaba da miƙo mini hannu, shi ma yana waige-waige.

Da shugabar gidan tsofaffin kuwa abin ya zo da sauƙi har na ji haushi. Ta ce me ya sa ban faɗa tun farko ba, ai nan ƙasar wannan ba komai ba ne. Na ce Madam, a wurinki ne ba komai ba. Mutumin da ke ɗakin can ya yi shekara talatin yana gadin ƙofa, yanzu ya manta kusan komai, gadin kaɗai ya rage masa. Kuma ina tabbatar miki ba shi kaɗai ba ne a gidan nan, akwai tsofaffin da suka girma a zamanin da ake ɓoyewa, masu zuwa duba su kuma ana ce musu aboki ko maƙwabciya. Ta saurare ni, Allah ya ba ta lada. Muka shirya cewa idan ina ciki ba mai ƙwanƙwasawa. Sai in bar ƙofar a ɗan buɗe, mai shigowa ya kira sunana daga waje, Monsieur Isuhu, kamar mai neman maigida. Na koya wa biyu daga cikinsu su ce sannu Malam Haruna, da kuma yadda ake dama kunu ba gudaji. Wanka ya dawo hannuna. Na sami ɗan ɗaki kusa da wurin, ina kwana huɗu a can, sauran a Lyon. Haruna ya koma cin abinci, har kumatunsa suka ɗan ciko.

Ban ce muku tsoron ya tafi ba. Wani lokaci sabon ma'aikaci ya manta ya ƙwanƙwasa, sai matashi ya dawo ƙirjina. Wata rana da la'asar ina yanke masa farce, sai ya dube ni da idon nan nasa na da, sarai, kamar ciwon ya ba shi hutun minti ɗaya. Ya rage murya ya ce:

"Isuhu, Ramatu ba ta sani ba ko?"

Na ce, "Ba ta sani ba."

"Ba wanda ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Kwanta abinka."

Ya ce madalla, ya saki jiki, barci ya ɗauke shi hannunsa cikin nawa. Na zauna a wurin ina kallon bango. Duk duniya ta sani, har masu shara, sai shi kaɗai, kuma ba wanda zan juya in gaya wa abin da nake ji. Da ma shi nake gaya wa irin wannan.

Ya rasu da kaka, ganye na zuba, ina gefensa. Mutanen masallacin unguwarku suka yi masa sutura, aka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar garin. Na tsaya a sahun baya. Bayan an gama jama'a suka yi layi suna yi wa babanku gaisuwa, mata kuma suna wajen Ramatu a gida. Kun san yadda muke yi, a riƙe hannun mai rashi a ce ya haƙuri, shi kuma ya ce haƙuri sai ma'aiki, ko ya ce da godiya. Ana yi wa ɗa, ana yi wa suruki, ana yi wa maƙwabci ma idan sun shaƙu. Ni ba wanda ya riƙe hannuna. Wasu ba su san ni ba, waɗanda suka san ni kuma sun san abin da gaisuwar za ta nufa. Sai ni ma na shiga layi, na yi wa babanku gaisuwar mutuwar Haruna. Ya amsa, ban zarge shi ba. Na wuce tasha na kama jirgin yamma.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata Lahadi ina wanke kofuna, waya ta yi ƙara. Ramatu ce. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Na ji numfashinta, na ji ƙarar motoci, da alama fita ta yi daga gida ta kira.

"Baba Isuhu."

"Na'am, Ramatu."

"Ya haƙuri?"

Amsa ce da kowane yaro ya sani. Ta jira ni. Da ƙyar na ce da godiya. Ta ce Allah ya jiƙansa, ya ba ka dangana, ta kashe. Ba mu ƙara maganar ba har yau, kuma ba ta taɓa zuwa ba, amma duk salla tana kira, kuma ita ta ba ki lambata, ko ba ta gaya miki ba. Gaisuwar nan guda ɗaya ita ce duk abin da na samu na takaba, kuma ta riƙe ni.

To, kin ji abin da ya sa hanya ta yi nisa. Ban rubuta don ku ga laifin iyayenku ba, ban kuma rubuta don ku yanke wa kakanku hukunci ba, wannan yana gaban wanda ya fi mu sani. Na karya rantsuwar sau ɗaya don ya ci abinci, yau na sake karya ta don kada ku tsufa kuna zaton ya mutu ba mai son sa. Ni ma yanzu nakan tsaya a tsakiyar kicin in rasa abin da na zo ɗauka. Likita ya ce gajiya ce, Allah ya sa. Idan ba gajiya ba ce, ina so a sami mutum biyu a duniya waɗanda za su iya gaya wa masu jinya ko ni wane ne, da wanda nake kira idan na yi kira.

Har yanzu ina nan a benen da kuka sani, hawa na tara. Ƙararrawar tana aiki, na sa an duba ta, ba a dai danna ta ne. Idan kun ga za ku iya zuwa, ku zo, idan ba za ku iya ba, ban riƙe ku ba. Ƙaramin ɗakin naku ne, gadon a gyare yake kamar kullum, sai dai ku taho da abin tada kai. Matasan kai biyu ne a gidan, duka suna kan babban gado, kuma ko wa ya danna ƙararrawar nan, ba zan ƙara ɗauke nawa ba.